Bado Laka Yake So

Ya ku matasa, da yawanku sun kama sana'ar rainon furanni da gyaran lambu, kuma duk wanda ya bi manyan titunan Abuja ko Kaduna ko Kano ko Yamai ya ga jerin ledojin dashe a gefen hanya. Cikin ayyukan da masu gidaje da otal-otal suke nema a yi musu yanzu har da ɗan tafkin ado. Rami ake haƙawa a lambu, a daɓe shi da siminti ko a shimfiɗa masa tamfol, a cika shi da ruwa, a dasa bado, a saki 'yan kifaye. Wani ma a rabin duro yake yin nasa a tsakar gida. Kafin a kai ga dashe dole a tsai da shawara kan ƙasar da saiwa za ta kama, kuma a nan ne sabo yake cutar ɗan lambu. Ya tashi ya tarar ƙasa mai kyau ita ce baƙa, mai laushi, wadda ta sha taki, domin ita take ba shi tumatir da alayyahu. Sai ya ɗebo irinta ya cika kwando ya nutsa a ruwa. Nasihata gare ku ita ce ku ajiye wannan sabo idan kun zo bakin tafki. Ƙasar da ta dace da shukar ruwa laka ce mai nauyi da danƙo, wadda ba a cakuɗa ta da taki ba, irin wadda manomi yake kuka da ita don tana ɗaure masa fartanya.

Dalili na farko shi ne tafkin lambu ba shi da mafita. A kwami, idan taki ya yi yawa, ban ruwa yakan wanke rarar ya gangara da ita can ƙasa, shukar ta ci abin da ta samu a wuce wurin. A ramin siminti kuwa babu inda rarar za ta je. Duk abin da ya narke daga ƙasar dashe ya shiga ruwan gaba ɗaya, kuma gansakuka ce take riga kowa cin moriyarsa. Bado da saiwa yake ci, a hankali. Gansakuka ba ta da saiwa, daga cikin ruwa take zuƙar abincinta kai tsaye, kuma idan ta sami rana da ɗumi tana iya ninka kanta a kwana guda. An gwada wannan a fili, ba a ɗakin bincike kawai ba. A shekarar 1973, a arewa maso yammacin lardin Ontario na ƙasar Kanada, masanin ruwa David Schindler da abokan aikinsa suka raba wani tafki mai lamba 226 gida biyu da labulen roba. Kowane ɓangare an zuba masa sinadarin kabon da naitirojin, amma ɓangare ɗaya kaɗai aka ƙara wa fosfaras. Cikin 'yan makonni wannan ɓangaren ya rikiɗe ya zama kore shar, ɗayan kuwa ruwansa bai canja ba. Hoton da aka ɗauka daga sama ya zaga duniya, ya kuma ƙarfafa dokokin taƙaita fosfaras a sabulun wanki da ruwan ƙazantar birane. To, ku duba abin da ɗan lambu yake alfahari da shi: kashin kaji, da takin kamfa, da sufa, da tokar murhu. Dukansu suna ɗauke da fosfaras. Idan babban tafki a ƙasa mai sanyi ya kasa jure shi, ina ga ramin da faɗinsa bai wuce taku biyar ba a ranar watan Afrilu?

Dalili na biyu ya fi wannan haɗari, don ba a ganinsa sai ya yi ɓarna. Taki da ganye da ɓuntun shinkafa abinci ne ga ƙwayoyin halittar da suke ruɓar da su, su kuma iskar oksijin suke shaƙa yayin aikinsu. A tudu iska tana ratsa ƙasa, ruɓewar ta tafi lami lafiya. A ƙarƙashin ruwa kuwa tafiyar oksijin ta fi ta cikin sarari jinkiri kusan sau 10,000, shi ya sa ƙasar da aka nutsar takan cinye ɗan abin da ke cikinta a kwana ɗaya ko biyu. Daga nan sai wasu ƙwayoyin da ba su bukatar iska su karɓi aikin, su riƙa fitar da tsami da wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda guba ce ga saiwa da kifi. Zafin ƙasarmu yana ƙara dagula lamarin ta fuska biyu: yana hanzarta ruɓewa, yana kuma rage iskar da ruwa zai iya riƙewa. Ruwa mai ɗumin digiri 20 yakan riƙe kusan miligiram 9 na oksijin a kowace lita, a digiri 30 kuwa kusan 7.5 ne. Ku haɗa wannan da gansakukar da take ba da iska da rana, ta koma shaƙa da dare. Masu kiwon tarwaɗa sun san lokacin da asarar take bayyana, wato da asuba, sa'ad da ake tarar da kifi a saman ruwa yana buɗe baki. Shi bado Allah ya hore masa dabarar zama a laka marar iska. Ku yanke karan ganyensa ku duba, za ku ga ramuka a jere, ta nan iska take sauka daga ganye zuwa saiwa. Amma wannan baiwa ba ta kare tushensa daga ɗanyen taki, wanda yakan ruɓar da idon da sabbin ganye suke tsirowa tun shukar ba ta kafu ba.

To me laka take da shi da sauran ba su da shi? Ƙwayar rairayi takan kai milimita 2, ta laka kuwa ba ta kai milimita 0.002 ba. Wannan ƙanƙanta tana ba ta faɗin jiki mai yawan gaske, kuma jikin nata yana da wani maganaɗisu da yake kama abincin shuka, irin su fotasiyam da naitirojin mai siffar amoniya, ya riƙe su har saiwa ta zo ta karɓa. Ƙarfen da yake sa ƙasa ja ko ruwan ɗorawa shi kuma fosfaras yake kamawa. Akwai wata siririyar fata a saman lakar da ke ƙasan ruwa, inda iska take ɗan taɓawa, kuma muddin tana nan fosfaras ɗin da ke ƙasa ba ya samun hanyar tsallakawa cikin ruwa da yawa. Yawan ruɓewa shi yake kashe wannan fata. Ke nan laka rumbu ce mai ƙofa ɗaya, kuma ta wajen saiwa ƙofar take. Bayan haka ga nauyi. Ganyen bado yana yawo a saman ruwa, iska tana jansa, tushensa ma ba shi da nauyin kirki, saboda haka ƙasa marar danƙo sakinsa take yi, a wayi gari a gan shi kwance a saman ruwa saiwa a waje. Haɗin da ake sayarwa cikin buhu don furannin tukunya ya fi kowanne muni a nan, domin da gangan aka yi shi marar nauyi, da ɓawon kwakwa da garin katako da wasu fararen ƙwayoyi, kuma duk tasowa suke yi da zarar ruwa ya rufe su. Ko a Ingila, inda aka daɗe ana wannan sana'a, babbar ƙungiyar masu lambu ta RHS ƙasa mai nauyi take ba da shawarar a yi amfani da ita, tare da sharaɗin kada ta kasance ta sha taki ko maganin ciyawa. Mu ba ma bukatar zuwa nesa don shaida. Ku lura da inda bado yake fitowa da kansa: a tafkunan fadama, a dausayin Haɗeja da Nguru, a gefen Tafkin Chadi, ko'ina a kan laka mai kama ƙafa. Ba a samunsa a tsakiyar rairayin kogi.

Sai dai ba kowace laka ce ta dace ba, kuma gane mai kyau ba ya bukatar na'ura. Ku jiƙa dunƙule guda ku murza a tafin hannu. Idan ya miƙe ya yi tsawon yatsa bai karye ba, akwai laka isasshiya. Idan ya wargaje, rairayi ya yi yawa. Idan kuma ya yi santsi har ana iya lanƙwasa shi ya zama zobe ba tsagewa, wannan yumɓun maginan tukwane ne, yakan matse saiwa, sai a sassauta shi da rairayin kogi wankakke, kamar kashi ɗaya cikin huɗu. Gwaji na biyu da kwalba ake yinsa. A zuba ƙasa zuwa sulusi, a cika da ruwa, a girgiza sosai a ajiye. Rairayi yana kwanciya cikin minti guda, mai bi masa a laushi cikin sa'o'i kaɗan, laka kuwa sai ta kwana ɗaya ko biyu. Abin da ya taso sama ya ƙi nutsewa shi ne tarkacen da zai ruɓe muku a tafki, kuma idan ya yi yawa ku nemi wata ƙasar. Gwaji na uku shi aka fi mantawa, alhali ya fi muhimmanci a wasu yankunanmu. A ɗauki ɗan busasshen curi a saka a kofin ruwan sama ba tare da motsawa ba. Idan fari-farin gajimare ya fara bazuwa daga jikinsa da kansa, lakar tana da gishiri irin na kanwa, kuma irinta ba ta taɓa kwanciya, ruwa zai yi ta zama gurɓatacce ko an shekara ana jira. Mutanen ƙasar Manga, a arewacin Yobe da gabashin Nijar, inda ake haƙar kanwa, su ya fi kamata su kula da wannan.

Na san akwai mai cewa: ai bado maci ne, ta yaya za a hana shi taki a kuma sa ran fure? Maganarsa gaskiya ce. Bado yana cikin shukokin ruwa mafi ci, kuma idan yunwa ta kama shi ganyensa yakan ƙanƙance ya yi rawaya, furen ya ɗauke. Abin da nake ja a kai shi ne inda ake ajiye abincin. Wanda aka cakuɗa da ƙasar gaba ɗaya yana haɗuwa da ruwa ta kowane gefe. Wanda aka binne a gindin kwando kuwa, da tafin hannu guda na laka a kansa, saiwa ce kawai take kai gare shi. Dabarar mai sauƙi ce. A ɗebi ƙaramin cokali na takin kamfa, a naɗe shi cikin curin laka kamar girman ƙwan kaza, a bar shi ya sha iska a inuwa, sannan a tura shi da yatsa har ƙasan kwandon, nesa da idon shukar, a toshe ramin. Curi ɗaya ko biyu sun isa kwando guda, a maimaita bayan wata ɗaya ko fiye, gwargwadon abin da ganyen ya nuna. Tsofaffin masu lambu a Turai sukan shimfiɗa ruɓaɓɓen kashin shanu a gindin tukunya su rufe da laka, kuma ba zan ce ba ya aiki ba. Amma su ruwansu mai sanyi ne, kuma takin ya daɗe da gama ruɓewa. Ga mai koyo a zafinmu, musamman idan akwai kifi, kuskuren cokali guda ya fi sauƙin gyarawa a kan kuskuren kwanon kashin shanu.

Wani kuma zai kawo hujjar da ta fi wannan ƙarfi. Zai ce tafkin ƙauyensu shanu suna shiga su yi kashi a ciki kullum, ga shi bado ya rufe shi, fari tas da safe. Haka ne, amma ku gwada girman ruwan da girman kashin. Ku tuna kuma wancan tafki yana da abubuwa biyu da naku ba shi da su. Da damina ambaliya tana shigowa ta sauya ruwan. Da rani ya janye, lakar ta bushe ta tsattsage, iska da rana su shiga su ƙarasa ruɓar da abin da ya taru, tushen bado da irinsa su kwanta a ƙasa su jira ruwan baɗi. Tafkin siminti ba ya samun wannan hutu. Idan kuna son ganin abin da yake faruwa da ruwa marar mafita da ake ta ɗura wa abinci, ku dubi kududdufan cikin birni, waɗanda magudanan unguwa suke zuba a ciki. Kore ne da wari, kuma abin da yake mulki a kansu kainuwa ce, dashen Allah, domin ita ba ta kafa saiwa a ƙasa, cikin ruwan take ci. Ita da gansakuka su tare hasken, bado ya rasa ta inda zai ɗago.

Daga nan tunani yakan kai mutum ga cewa, tunda lakar tafki ce bado yake so, a je tafkin a kwaso mana. Wannan ita ce shawarar da na fi jin tsoro, kuma ina roƙonku ku guje ta. A cikin lakar tafkunanmu ƙananan dodon koɗi suke zama, kuma wasunsu su ne masaukin ƙwayar cutar tsargiya, wadda take sa yara fitsarin jini. Shanya lakar a rana ba ya ba da tabbaci, domin waɗannan halittu sun saba binne kansu a busasshiyar laka su ƙetare rani. Tafkin tsakar gida kuwa yara ne masu fara tsoma hannu a ciki. Sannan akwai irin ciyawar kacala. Bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwan kogin Haɗeja ya daina janyewa da rani yadda ya saba, kacala ta sami wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonakin shinkafa da wuraren kamun kifi a yankin Haɗeja da Nguru. Irinta ƙanana ne ƙwarai, suna kwance cikin laka, kuma tushe guda da ya kafu ya isa ya mamaye ƙaramin tafki. Haka nan ku nisanci ƙasar bola, duk da manoman kewayen Kano sun daɗe suna kai ta gona a matsayin taki, da ƙasar bakin rafukan da ruwan masana'antu da na majema yake bi, irin su Jakara, da ta gindin ginin da aka yi wa feshin gara, da ta gonar da ta sha maganin ciyawa ko na ƙwari. Wasu magungunan ƙwarin ɗigo kaɗan ya isa ya kashe kifi. Wurin da ya dace shi ne gefen fadama inda ruwa ba ya kwanciya, ko ramin masu yin tubali. A kankare saman da ciyawarsa da saiwoyinsa kamar tsawon tafin hannu, a ɗebi ta ƙasan, a farfasa, a tsince duwatsu da itatuwa.

Saura ƙorafin cewa laka tana dama ruwa, don haka gara tsakuwa zalla. A kan wannan zan sassauta. A tafkin da kifi ya yi yawa, kashinsu kaɗai yakan ciyar da wasu ciyayin gefen ruwa, kuma dasa su cikin tsakuwa yana taimakawa wajen tace ruwan. Bado dai ba ya cikinsu, idan fure ake so. Damuwar ruwa kuwa daga hannun mai dashe take. A nemi mazubi mai faɗi marar zurfi, kamar bahon roba mai faɗin santimita 40 da zurfin 20 zuwa 25, domin saiwar bado gefe take bazuwa. Idan kwando ne mai huji, a shimfiɗa masa tsohon buhu. A jiƙa lakar a danna ta da kyau don iskar ciki ta fita, a zaunar da tushen idonsa a waje, a rufe saman da wankakkiyar tsakuwar kogi mai kaurin santimita 2 ko 3, ban da kan idon. Sai a saukar da mazubin a karkace, sannu a hankali, a ɗora shi kan bulo yadda ruwan da ke kansa ba zai wuce santimita 15 zuwa 20 ba, a riƙa ƙara masa zurfi yayin da ganye yake miƙewa. Ɗan hazon da zai tashi yakan kwanta cikin kwana biyu. Kifi wajibi ne don tsutsar sauro, amma a zaɓi ƙanana. Tarwaɗa tona take yi, ƙarfasa kuma tana cin ganye tana haƙa gurbi, saboda haka inda suke sai a ɗora duwatsu masu girman ƙwai a kan tsakuwar. Kuma ko lakar ta fi kowace kyau, bado ba zai yi fure a inuwar darbejiya ba, yana bukatar rana ta kusan sa'o'i shida a yini.

Matsin da za ku fi fuskanta daga mai aikin zai zo, domin yana son ganin fure kafin ya biya cikon kuɗi, kuma taki mai yawa yakan ba da ganye masu kyau a makonnin farko kafin ruwan ya juya. Ku gaya masa gaskiya tun ranar ciniki: sai an yi makonni kafin shukar ta kafu, kuma ko a tafkin da aka yi daidai ruwa yakan ɗan yi kore da fari, sannan ya washe idan ganye ya rufe kamar rabin samansa. Wanda kuka yi wa wannan bayani ba zai kira ku da faɗa ba, kuma shi zai nuna wa maƙwabcinsa ku. Bayan shekara ɗaya ko biyu saiwa za ta cika mazubin, lakar ta gaji, sai a fito da shi a raba tushen a sake sabuwa. Tsohuwar lakar ku kai ta kwamin alayyahu, can za ta yi amfani. Rarar shukar kuwa, musamman irin da aka shigo da shi daga waje, ku shanya ta a tudu ta bushe ƙurmus. Don Allah kada ɗayanku ya zuba ta a rafi ko magudanar ruwa.